Ziyarar Tsofaffin Wuraren Ibada a Ƙasar Hausa: Waiwaye daga Rogo da Karaye

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan al'adar ziyarar tsofaffin wuraren ibada a ƙasar Hausa, inda ta ɗauki yankin Rogo da Karaye da ke yammacin Jihar Kano a matsayin dandalin da za a tsaya a hango sauran wurare. An kasa wuraren gida uku: duwatsu da itatuwan da aka girmama kafin zuwan Musulunci, da tsofaffin masallatai, da hubbarorin malamai da waliyyai. An kuma kwatanta su da tsofaffin wuraren bautar mabiya addinin Buda da ke birnin Zaitun na lardin Fujiyan a gaɓar tekun ƙasar Sin, domin a ga yadda wata al'umma ta tunkari irin wannan lamari. Maƙalar ta gano cewa Bahaushe ya fi ɗora darajar wuri a kan mutumin da ya zauna ko ya kwanta a cikinsa fiye da ginin kansa. Wannan fahimta ta raya ziyara, amma ta sa rushe tsohon gini bai zama abin damuwa ba. A ƙarshe an kawo shawarwarin da za su taimaka a adana abin da ya rage ba tare da an taɓa aƙidar kowa ba.

Fitilun Kalmomi: ziyara, hubbare, masallaci, kufai, ginin ƙasa, Rogo, Karaye

1.0 Gabatarwa

A ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masallata a lokacin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Masallacin ya kusa cika shekara ɗari biyu da ginawa, kuma masana fasahar gini suna lissafa shi a sahun gaba na gine-ginen ƙasa a Afirka ta Yamma. Wannan musiba ta farfaɗo da tambayar da ta daɗe a kwance: me ya kamata a yi da tsohon wurin ibada idan ya tsufa? A gyara shi yadda yake, ko a rushe a yi sabo wanda ya fi faɗi da ƙarfi?

Tambayar ta shafi kowane gari mai tsohon masallaci ko makabarta ko kufai, kuma ta fi tsanani a karkara, inda ake rushe gini cikin mako guda ba tare da an ɗauki ko da hotonsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace abin da Bahaushe yake nema idan ya tashi ziyara, da yadda wannan nema ya yi tasiri a kan makomar wuraren da yake ziyarta. An dogara ne a kan rubutattun tarihi da aka sani, da nazarce-nazarcen masana, da al'adun da ake gudanarwa a bainar jama'a har zuwa yau.

2.0 Ma'anar Ziyara da Dangoginta

Kalmar “ziyara” ararriya ce daga Larabci. A Hausar yau da kullum tana nufin kai wa mutum gaisuwa a gidansa domin sada zumunci. A fagen addini kuwa ma'anarta ta keɓanta ga zuwa wurin malami mai rai, ko kabarin bawan Allah, ko wani wuri mai alaƙa da tarihin addini. Alhazai suna kiran zuwa Madina da kewaya wurarenta “ziyara”, kuma daga nan ne kalmar ta ƙara samun nauyi a zukatan jama'a.

Akwai wasu kalmomin da ke tafiya tare da ita. “Hubbare” ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin ƙubba, ya kuma shigo Hausa ta hanyar Fulatanci, yana nufin ɗakin da aka gina a kan kabarin babban malami ko shugaba. “Kufai” shi ne wurin da gari ko gida ya taɓa zama aka tashi. “Tabarruki” neman albarka ne ta hanyar kusantar mutum ko abin da ya shafe shi. Idan aka lura, dukkan waɗannan kalmomi suna nuni ne ga mutum: wanda aka je gaisarwa, wanda ke kwance, waɗanda suka tashi. Sabuwar jimlar nan ta “yawon buɗe ido”, wadda ke nufin zuwa kallon wuri saboda kyansa ko tsufansa, ba ta daɗe da shigowa harshen ba, kuma har yanzu ba ta da kwarjinin da “ziyara” take da shi.

3.0 Rogo da Karaye a Taswirar Tarihi

Ƙaramar Hukumar Rogo tana kudu maso yammacin Jihar Kano, ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. A da tana cikin Gundumar Karaye. A shekarar 2019 aka ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, sannan dokar 2024 ta mayar da ita mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Garuruwan yankin sun haɗa da Zarewa da Falgore da Fulatan da Gwangwan da Beli da Zoza da Ruwan Bago.

Karaye tsohon gari ne ƙwarai. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambace shi tun zamanin Sarki Yusa, wanda ake kira Tsaraki (1136–1194), inda ya nuna cewa sarkin ya kai wa Karaye yaƙi har mutanenta suka yi mubaya'a. Kundin ya sake ambaton garin a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623), lokacin da Wambai Giwa ya koma can da zama yana gwabzawa da Katsinawa, har ƙarfinsa ya kai aka ji tsoron tawaye, aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi (1623–1648). A lokacin jihadi ma, yammacin Kano ne jama'ar Shehu suka fara taruwa, a Kwazazzabon 'Yarkwando, kafin su bi garuruwan yankin har Karaye, kamar yadda ya zo a tarihin jihadin Kano.

Abubuwa biyu suka sa yankin ya dace da wannan nazari. Na farko, yana tsakanin manyan cibiyoyi uku na tarihi, wato Kano da Zazzau da Katsina, don haka mutuminsa yana iya kaiwa kowace daga cikinsu ya dawo a yini ɗaya. Na biyu, yana cikin shiyyar da Maguzawa suka fi daɗewa riƙe da al'adunsu, daga Gwarzo da Karaye da Rogo har zuwa Malumfashi. Nazarin Joseph Greenberg a kan Maguzawan ƙasar Kano, wanda aka buga a 1946, da zaman da Murray Last ya yi a wani gidan Maguzawa na ƙasar Malumfashi a wajajen 1970, sun adana bayanai masu yawa game da addinin wannan shiyya. Ke nan a wuri guda ana iya ganin sawun dukkan matakai ukun da za a yi bayani a ƙasa.

4.0 Rabe-raben Wuraren da Ake Ziyarta

4.1 Dutse da Itace

Wurin bautar Bahaushe na farko bai buƙaci magini ba. Dutse ne, ko tsamiya, ko kuka, ko rijiya, ko kurmi, inda aka yi imani iskoki suna zaune. Greenberg ya bayyana yadda maigida a cikin Maguzawa yake yanka dabba mai wani launi na musamman domin wani iska na musamman, a gindin itace ko a wani keɓaɓɓen wuri a cikin gida. Mafi shahara a irin waɗannan wurare shi ne Dutsen Dala. Kundin Tarihin Kano ya nuna cewa an kewaye itacen Tsumburbura da katanga, babu mai shiga sai Barbushe, shi ma a wani lokaci ƙayyadadde na shekara, sannan ya fito ya sanar da jama'a abin da zai faru. An rushe wannan wuri a zamanin Sarki Tsamiya (1307–1343).

Abin lura shi ne rushe wurin bai yanke alaƙar Kanawa da dutsen ba. Har gobe, a ranar Takutaha, wato ranar da ta zo daidai da sunan Manzon Allah (SAW) a watan Rabi'ul Awwal, dubban mutane suna hawa Dala cikin ado da murna. Ma'anar hawan ta sauya baki ɗaya, amma ƙafafu ba su daina bin hanyar ba. Haka rijiyar Kusugu ta Daura ta koma wurin da baƙi suke zuwa su ga inda labarin Bayajida ya faru, su kuma sha ruwanta.

4.2 Masallaci

Da Wangarawa suka iso Kano a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), kundin ya ce an gina masallaci a ƙarƙashin itacen da ake girmamawa. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma, bisa shawarar baƙon malamin da ake ɗauka shi ne Shehu Magili, aka sare itacen aka gina hasumiya a gurbinsa. Wannan ya nuna cewa masallacin farko ya gaji mazaunin tsohon wurin bauta, abin da ya faru a sassa da dama na duniya.

Cikin tsofaffin gine-ginen da suka rage akwai Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai tsawon kimanin mita 15, wadda ruwayoyi suke dangantawa da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Akwai kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim (1834–1846). Gwanintarsa tana cikin yadda aka jera azara aka tanƙwara ta ta zama bakan gizo, aka ɗora tulluwa a kan ginshiƙai masu kauri da aka yi wa zane, duk da tubali da ƙasa. A shekarun 1970 aka yi wa masallacin babban sauyi, aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin a cikin sabon gini na kankare. Cikakkiyar surarsa ta asali ta tsira ne a ma'aunai da zane-zanen da Zbigniew Dmochowski ya yi, da kuma kwaikwayonsa da aka gina a gidan adana fasahar gine-ginen gargajiya da ke Jos. Babban Masallacin Kano na ƙasa kuwa an maye gurbinsa da na yanzu tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953).

Duk da wannan daraja, Bahaushe ba ya cewa zai je “ziyarar masallaci”. Masallaci wurin salla ne. Idan an shiga an yi nafila an fito, buƙata ta biya.

4.3 Hubbare da Makabarta

A nan ne ziyara ta fi ƙarfi. Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, shi ne wurin da ya fi kowane tara maziyarta a ƙasar Hausa. Ana zuwa daga sassan Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu, musamman bayan kaka, lokacin da manomi ya kai amfani gida ya sami guzuri. Masu hali suna zarcewa Wurno wurin kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (rasuwa 1837), da Gwandu wurin Malam Abdullahi, da Ɗagel inda Shehu ya yi zaman karantarwa. Nana Asma'u (1793–1864) tana kwance kusa da mahaifinta, kuma binciken Jean Boyd ya nuna yadda ƙungiyoyin mata na 'yan taru, ƙarƙashin jagorancin jaji, suka ci gaba da zuwa Sakkwato bayan rasuwarta. Ga mace ta karkara, wannan tafiya ta haɗa ibada da karatu da ganin duniya.

A Katsina ana ziyartar kaburburan Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, malaman ƙarni na 17, da na Ɗantakum wanda ya riga su. A Kano, Maukibin Ƙadiriyya da Shehu Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950 yana tashi daga Gidan Ƙadiriyya a watan Rabi'us Sani, a bi tituna da tutoci da bandiri zuwa makabartar Wali Mai Giginya. Muridai daga ƙananan hukumomin jihar da wajenta suna halarta. Ladubban ziyara a duk waɗannan wurare kusan iri ɗaya ne: a cire takalmi, a yi sallama ga mamaci, a yi masa addu'a, a ba masu kula da wurin sadaka. Da wuya a ji maziyarci yana tambayar shekarar da aka gina ɗakin ko sunan maginin.

5.0 Madubi daga Zaitun

Birnin Quanzhou da ke lardin Fujiyan shi ne Larabawa suka sani da suna Zaitun. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a can a wajajen 1345, ya lissafa tashar jiragen ruwansa cikin mafiya girma da ya gani. Wannan matafiyi ne kuma ya isa Takadda a 1353, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfe. Ashe tun ƙarni na 14 littafi ɗaya ya haɗa sunayen waɗannan sassa biyu na duniya.

Babban wurin bautar mabiya Buda a birnin shi ne Kaiyuwan, wanda aka kafa a shekarar 686 a zamanin daular Tang. Yana da hasumiyoyi biyu na dutse, kowace ta haura mita 40, waɗanda aka gina tsakanin 1228 da 1250. Kafin nan da katako aka yi su, suka lalace, aka sake su da jan bulo, sannan daga baya da dutse. Babban zauren da ake gani yau an sake gina shi ne a ƙarni na 17, kuma a cikin ginshiƙansa akwai waɗanda aka ɗebo daga wani rusasshen wurin bautar Hindu. A birnin dai akwai Masallacin Qingjing da aka gina a 1009, wanda rubutun Larabci da ke jikinsa ya adana tarihin gyaran da aka yi masa a farkon ƙarni na 14. A wajen gari, a tsaunin Lingshan, akwai kaburbura biyu da ruwayar Musulmin wurin take cewa na sahabbai ne, tare da allon dutse da ke tuna ziyarar da jagoran jiragen ruwa Zheng He ya kai a 1417. A 2021 Hukumar UNESCO ta sanya wurare 22 na birnin da kewayensa cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Darasin da ke cikin wannan misali shi ne su ma mutanen Sin sun sha rushewa da sake ginawa. Gobara da yaƙi sun ci gine-ginensu, an tsananta wa addinin Buda a shekarar 845, an kuma lalata wuraren bauta da yawa a lokacin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976. Abin da ya bambanta su shi ne ɗabi'ar rubutawa: duk lokacin da aka yi gyara, sai a kafa allon dutse mai ɗauke da shekara da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, a kuma shigar da labarin a kundin tarihin gunduma. Saboda haka ko gini ya sauya, tarihinsa yana nan a jere. A ɗaya ɓangaren, yawan masu yawon buɗe ido a shahararrun wuraren bauta na Sin ya jawo ƙorafin cewa ciniki da hayaniya suna danne ibada. Wannan ma gargaɗi ne ga duk mai ganin cewa mayar da wurin ibada wurin kallo shi ne mafita.

6.0 Dalilan Ɓacewar Tsofaffin Gine-gine

Dalili na farko shi ne yanayin kayan ginin. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Dole kowace shekara kafin damina a duba rufi, a gyara indararo, a shafe bango da makuba ko katsi, a sauya azarar da gara ta ci. A da aikin gayya ne, ƙarƙashin Sarkin Magina da umarnin mai gari. Da wannan tsari ya raunana, sai ruwa ya sami hanya. Shafa siminti a kan bangon ƙasa, wanda mutane da yawa suke ɗauka gyara ne, yakan tsare danshi a ciki har bango ya ruɓe ba a sani ba. A Jenne ta ƙasar Mali, inda aka mayar da yaɓen babban masallaci bikin shekara-shekara, ginin 1907 yana nan tsaye.

Na biyu shi ne yawan jama'a. Masallacin da aka gina domin magidanta ɗari biyu ba zai ɗauki garin da ya ninka sau goma ba, kuma kaurin ginshiƙan ƙasa yana cin sahu.

Na uku ya shafi fahimtar lada. Gina masallaci sadaka ce mai gudana, kuma ɗan gari da Allah ya buɗa wa a Kano ko Legas ko Abuja yana son ya yi wa mahaifarsa abin da za a gani. A idon jama'a, sabon gini mai tayil da fanka da lasifika shi ne cikar wannan niyya, barin na ƙasa kuwa alamar gari bai ci gaba ba. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai ba kasafai ake tuna cewa gyaran tsohon masallaci shi ma aikin lada ne ba.

Na huɗu shi ne wanda wannan maƙala ta fi ba muhimmanci: tunda albarka tana tare da mutum da gurbi, sauya bango ba ya rage komai a idon maziyarci. Hubbare yana nan hubbare ko da an sake ɗakin sau goma. Wannan ya sa ziyara ta ɗore, amma ya bar ginin ba shi da mai kare shi.

Na biyar shi ne taƙaituwar hukuma. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, tana kare wuraren da aka ayyana ne kawai, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita suna cikin jerin jiran UNESCO tun 2007, alhali ana ci gaba da cin ganuwar da gine-gine. A maƙwabciya Nijar kuwa, tsohon birnin Agadas da hasumiyarsa ta ƙasa mai mita 27 sun shiga jerin tun 2013. Idan ganuwar birni ta kasa samun kariya, ina ga masallacin ƙauye?

7.0 Saɓanin Malamai da Tasirinsa

Ba a iya maganar ziyara a ƙasar Hausa ba tare da an taɓo saɓanin malamai ba. Kowa ya yarda cewa hadisi ya halatta ziyarar kaburbura domin tuna lahira da yi wa mamata addu'a. Saɓanin yana kan ƙulla tafiya musamman domin wani kabari, da gini a kansa, da neman tabarruki. Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin da ya keɓe masallatai uku da ɗaura sirdi, masu halattawa kuma suna fassara shi da cewa masallatai yake nufi, ban da sauran wurare. Shehu Usmanu da kansa, a Ihya'us Sunna da Nurul Albab, ya soki girmama itatuwa da duwatsu da wasu bidi'o'in da ake yi a kaburbura, alhali shi Baƙadire ne mai girmama waliyyai. Bayan fitowar littafin Shehu Abubakar Gumi na aƙida a 1972 da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawarar ta shiga kowane gari da ƙauye.

Tasirin wannan a kan adana tarihi a fili yake. Duk wanda ya ce a bar wani tsohon wuri, ana iya zarginsa da son raya bidi'a ko tsafi, musamman idan wurin ya shafi Maguzawa. Abin da ya faru a Tambutu a 2012, inda masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin waliyyai, har Kotun Duniya ta yanke wa ɗaya daga cikinsu ɗaurin shekara tara a 2016, ya nuna iyakar inda rikicin zai iya kaiwa. Mafita ita ce a rarrabe tsakanin abubuwa biyu: girmama wuri a matsayin ibada, wanda hukuncinsa yana hannun malamai, da adana shi a matsayin shaida, wanda aikin masana tarihi ne. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Kufai ba ya zama abin lura sai an bar shi a inda yake.

8.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari, musamman ga yanki irin na Rogo da Karaye:

i. Sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'i su riƙa tura ɗalibai su yi kundayen kammala karatu a kan masallatan Juma'a da filayen idi da makabartu da tsangayu da kufan garuruwansu, tare da hotuna da ma'auni da jerin limamai.

ii. Majalisar masarauta ta sanya ƙa'ida cewa kafin a rushe tsohon masallaci a sanar da hakimi, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a rubuta abin da dattawa suka sani game da shi.

iii. Inda fili ya samu, a gina sabon masallaci a gefe, a bar tsohon ya zama na salloli biyar ko makarantar allo. Inda bai samu ba, a bar wani sashe, kamar alƙibla ko ƙofa.

iv. A kafa allo a jikin kowane sabon gini mai nuna shekarar da aka fara kafa masallacin, da ta sabuntawa, da Hausar boko da ajami.

v. A riƙa sa ƙwararrun magina su duba tsofaffin gine-ginen da ake salla a ciki kafin kowace damina, domin ran masallaci guda ya fi kowane gini daraja.

vi. A tattara kalmomin sana'ar gini daga bakin tsofaffin magina, domin idan sana'a ta mutu, kalmominta suna binta.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun ziyara a ƙasar Hausa daga gindin itace zuwa masallaci zuwa hubbare, ta nuna cewa abin da Bahaushe yake nufa a tafiyarsa shi ne mutum da albarkarsa. Misalin Zaitun ya nuna cewa sake gini ba ya kashe tarihi matuƙar an rubuta abin da aka sauya. Misalin Zariya kuma ya nuna hatsarin da ke cikin barin tsohon gini ba tare da kulawa ba, da kuma amfanin ma'aunin da wani ya ɗauka tun kafin a taɓa shi. Karaye ta shiga rubutaccen tarihi tun ƙarni na 12, kuma garuruwan da ke kewaye da ita suna da dattawan da suka yi salla a masallatan da yanzu babu su. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Aikin da ke gaban manazarta shi ne su isa wurin waɗannan dattawa da alƙalami da na'urar ɗaukar hoto tun suna da rai.